Maigida Ba La'ada: Tsakaninmu Da 'Ya'yanmu Ma'aikatan Asibiti

Bayan sallar Isha'i a wani daren Laraba, aminina na tun ƙuruciya ya riƙo hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, in ba sauri kake ba, ina da magana." Muka koma kan benci kusa da mai shayi. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Yarinyar nan ce. Wai za ta tashi daga gida."

Yarinyar da yake nufi 'yarsa ce ta uku, nas ce a wani asibiti a cikin garin nan na Badun. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan asibitin ba. Na nemi izininta da na mahaifinta kafin in rubuta wannan, suka yarda bisa wannan sharaɗi. Shekararta 27, ba ta yi aure ba tukuna, kuma ita da wasu abokan aikinta mata biyu sun samu ciki da falo a bayan asibitin, za su haɗa kuɗi su kama. Uwarta ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Yayanta, wanda ya yi shekara uku yana acaɓa yana biya mata kuɗin makaranta, ya ce wannan butulci ne, an gama wahala da ita ta ga ta fi ƙarfin gidan. Shi kuwa uban tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, tsakaninka da Allah, laifi take shirin yi ko ba laifi ba?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na yi makonni ina juya tambayar, na kuma gane ba ta gidansa ba ce shi kaɗai. Yau a Sabo, da Sasa, da Ojoo, da wuya ka bi layi biyu ba ka samu gidan da ke da nas, ko ungozoma, ko malamin asibiti, ko mai aikin gwajin jini ba. Muna alfahari da su, kuma ya kamata mu yi. Amma mun taɓa zama mun tambayi kanmu mene ne haƙƙinmu a kansu, mene ne kuma haƙƙinsu a kanmu?

Bari in fara da abin da ta faɗa mini da bakinta, ranar da na sa aka kira mini ita. Ta durƙusa ta gaishe ni, na ce, "'Yata, me ya yi zafi?" Ta ce, "Baba, barci ne." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ta ce in tana aikin dare, takan shiga asibiti da daddare ta fito da hantsi. Kafin ta iso gida rana ta ɗaga. Gidansu irin gidajenmu ne na Sabo, ɗaki yana kallon ɗaki, mutum ya fi talatin, famfo ɗaya, ga injin markaɗe a zaure, ga yaran makarantar allo a maƙwabta. Ɗakin da take kwana su huɗu ne da ƙannenta. Da ta kwanta sai sallama: wance jikinta ya yi zafi a zo a duba, wane ya sayo allura a kemis a zo a yi masa, tsohuwar gidan gaba tana son a auna mata hawan jini, ga takardar gwaji a karanta mana. Ba wanda ya zo da mugun nufi. Kowa a ganinsa minti biyar kawai zai ci. Amma minti biyar na mutum goma sha biyu ya cinye wunin. Da magariba ta sake saka fararen kaya ta koma.

Sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, watan da ya wuce, wajen ƙarfe uku na dare, na zuƙo allurar wani jariri. Allah ya taimake ni abokiyar aikina ta kalli sirinjin ta riƙe hannuna. Na ninka abin da aka rubuta ban sani ba. Idona biyu, amma wallahi barci nake. Da na yi masa, yau da wani zance ake."

Wannan magana ita ta sauya mini tunani. Mu a unguwa muna ɗaukar barcin ma'aikacin asibiti kamar hutu ne, abin da mai kirki zai iya sadaukarwa saboda zumunci. Ashe barcin ba nata ba ne ita kaɗai. Jaririn da ke kwance a gadon asibiti yana da rabo a ciki, matar da ke naƙuda tana da rabo a ciki. Wanda ya tashe ta da azahar don a auna masa jini, bai sani ba, daga rabon wani yake ɗiba. Direban tirela in ya ce zai kwanta kafin ya kama hanyar Kano, ba mai ce masa ya yi girman kai, don kowa ya san abin da gyangyaɗi ke haifarwa a kan hanyar Jebba. Me ya sa nas ba ta samun wannan uzuri a wurinmu?

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tushen fushin yayanta, ko da bai fito fili ya faɗa ba. A idon unguwa, duk wanda ya saka fararen kaya likita ne, duk likita kuwa mai kuɗi ne. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ma'aikacin gwamnatin tarayya tun kafin albashi ya shigo hannunsa an cire haraji, an cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, an cire kashi 2.5 na asusun gidaje, ga kuɗin ƙungiya, ga kuɗin sabunta lasisi da kwasa-kwasan da ake bukata kafin a sabunta shi. Wanda ke asibitin kuɗi kuwa, musamman ƙanana, sau da yawa abin da yake ɗauka bai kai na gwamnati ba. Mu tuna kuma abin da ya faru da kuɗin kansa. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ce an janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin Micra daga Mokola zuwa ko'ina ya bi sahu, mudun shinkafa a Bodija ya bi sahu, haya ta bi sahu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma duk wanda ke cefane ya san tsadar ta riga ƙarin yin nisa.

Ga kuma haɗarin aikin, wanda ba ma sa shi a lissafi. Shekaru da yawa alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya Naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka sake duba shi. Da wannan dubu biyar ɗin aka tari Ebola a Legas a 2014, lokacin da Dakta Stella Adadevoh ta hana mai ɗauke da cutar fita daga asibiti, ta kare miliyoyin mutane, ita kuma ta rasu a watan Agusta na shekarar, tare da wasu abokan aikinta. Zazzaɓin Lassa har yau yakan kashe ma'aikatan asibiti a jihohi irin su Ondo da Edo, nan kusa da mu. Tarin fuka kuwa kullum suna tare da masu shi. Yarinyar da ta wuni a cikin wannan, ta dawo ta kwanta a katifa ɗaya da ƙannenta uku a ɗakin da taga ɗaya ce, ita ta san abin da take tsoron kawowa gida.

Duk da haka, ranar albashi ta fi kowa sanin hanyar gidan. Ta lissafa mini: cefanen uwa, kuɗin makarantar ƙanne biyu, maganin sukarin baba, ankon biki, gudunmawar suna, ɗan gwaggo da ya zo daga Arewa neman aiki, da maƙwabcin da aka kwantar ba shi da ko sisi ta tsaya masa, aka sallame shi bai biya ba, aka zare daga albashinta wata uku. Na ce, "Ke me kike ajiyewa?" Ta ce, "Baba, shekara huɗu ina aiki, ko adashi ban taɓa kai wa ƙarshe ba tare da na ci bashi na zuba ba." Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kowa ya samu kaɗan, ba wanda ya ƙoshi, ita kuma ta tashi ba komai, sannan ana ganin tana ɓoyewa.

To, a nan ne nake so mu waiwayi tarihin unguwarmu, don a ganina amsar tana ciki. Tun da aka kafa Sabo a 1916, abin da ya riƙe ta shi ne tsarin maigida. Falke ya taso daga Arewa da shanu, ko ya zo sayen goro, sai ya sauka gidan maigidansa. Maigida ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, in an sayar da shanu bashi ga mahauci shi ne mai lamuni. In baƙo ya yi ciwo shi ne, in ya rasu shi ne. Har wani masani mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari, aka buga a 1969. Muna ba 'ya'yanmu labarin karamcin waɗannan masu gida, kuma gaskiya ne sun yi karamci. Amma akwai rabin labarin da muke mantawa: maigida yana da la'ada. Kowace saniya da aka sayar ta hannunsa, kowane huhun goro da aka ɗaure, akwai abin da ke shiga aljihunsa. Da wannan yake ciyar da baƙi, yake gina ƙarin ɗakuna, yake biyan asarar lamuni in mahauci ya gudu. Kakanninmu sun san tukunyar da ake ɗiba ba a zubawa, komai girmanta, wata rana za a ji ƙarar ludayi.

Yau mun mayar da ma'aikacin asibiti maigidan marasa lafiya. Shi zai karɓo kati, shi zai yi tafinta ga matar da ta zo daga Sakkwato ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, shi zai roƙi likita a duba namu da wuri, shi zai nemo jini, shi zai tsaya lamuni a ofishin biyan kuɗi, in an yi rasuwa shi zai bi takardu a ba da gawa kafin la'asar. Duk aikin maigida mun ɗora masa, la'adar kawai muka cire. Ba ina cewa a fara biyan 'yar gida kuɗin auna jini ba. Ina cewa ne mu daina ɗaukar abin kamar ba ya cin komai. Yana cin barcinta, yana cin albashinta, yana cin mutuncinta a wurin abokan aiki, don duk alfarmar da ta roƙa bashi ne da za ta biya wata rana.

Yanzu bari in ba yayanta haƙƙinsa, don maganarsa ba ta banza ba ce. Yaron nan ya bar karatu bayan sakandare. Ya sha rana, ya sha ruwan sama, ya taɓa karaya a Iwo Road, duk don ƙanwarsa ta gama shekara uku na makarantar nas. Uwarsu ta sayar da kwallayenta da 'yan kunnenta na aure. Gidan nan sun zuba abin da suke da shi a kan mutum ɗaya da fatan in ta tsaya za ta ja saura. Wanda ya ce ba ta da nauyin kowa a kanta, kuɗinta nata ne, ya yi maganar da ba tamu ba, ba kuma ta gaskiya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma tsoron uwa, wanda ba na kuɗi ba ne sam. Duk mun san sunan da ake ba macen da ta kama ɗaki tana zaman kanta a unguwanni irin namu, mun kuma san yadda magana ɗaya a gidan biki ke korar manemi. Uwar da ta kwana tana kuka a kan wannan ba jahila ba ce, ta san mutanenta ne.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Mun ga waɗanda suka tashi suka tafi ke nan. Yau Bodija, gobe Abuja, jibi Ingila ko Saudiyya, waya ma sai da Sallah. Hukumar da ke kula da nas da ungozoma ta ƙasa ta faɗa a farkon 2024 cewa sama da nas 42,000 ne suka bar Najeriya cikin shekara uku. In kowane ɗan unguwa da ya yi karatun asibiti ya tattara ya bar mu, wa zai tsaya wa tsohuwar da ba ta san ƙofar da za ta shiga ba a UCH? Wannan tsoro ne na gaske, kuma ni ma ina da shi.

Sai dai in muka duba da kyau, bashin da ake bin yarinyar nan iri biyu ne, mun cakuɗa su. Akwai wanda ya wajaba, akwai wanda kyautatawa ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun fayyace cewa ciyarwar da ke kan mutum dole ita ce ta matarsa, da 'ya'yansa da ba su tsaya da ƙafarsu ba, da iyayensa in matalauta ne, kuma ciyar da iyaye tana kan ɗa namiji da 'ya mace duka, daga abin da ya ragu bayan bukatar kai. Yaya, da ƙane, da ɗan gwaggo, da maƙwabci, taimakonsu sada zumunci ne mai lada mai yawa, amma gwargwadon iko. Addinin da ya ce a sada zumunci shi ne kuma ya koyar da cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, kamar yadda ya zo a ƙissar Salmanu da Abu Darda'i. Kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an yi masa ƙaho ya ba mai ƙahon ladansa. Ke nan aikin magani aiki ne da ake ci da shi, ba abin kunya ba ne mai yin sa ya rayu da shi, ya ajiye, ya yi aure, ya gina ɗaki.

Imamu Gazali ya lissafa ilmin likitanci cikin farillan da in wasu suka yi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Mu tsaya a kan wannan kaɗan. Shekara nawa muka yi muna kuka cewa matanmu ba sa son namiji ya karɓi haihuwarsu, ba sa zuwa awo don ba mai jin harshensu? Yarinyar da ta je ta koyo wannan aiki nauyin unguwa gaba ɗaya ta sauke. In haka ne, bashin ba ta gefe ɗaya yake ba. Ita ana bin ta, mu ma tana bin mu. Mafi ƙarancin abin da za mu biya ta da shi shi ne mu bar ta ta yi barci, mu kuma kame bakinmu daga mutuncinta.

Maganar zaman kai kuwa, a yi mata adalci. Mace uku ma'aikata a gida ɗaya, minti biyar da ƙofar asibiti, da mace ɗaya a kan acaɓa tsakanin asibiti da Sabo a cikin duhu, wanne ya fi tsare ta? Sunan da muke tsoro an raɗa shi ne a zamanin da mace ba ta da wani dalilin kama ɗaki. Yau tana da dalili, kuma dalilin mu muka aike ta ta samo shi. Ba zai yiwu mu ce muna son ungozoma 'yar gida, sannan mu ce kada ta yi aikin dare, kada ta kwana kusa da aiki, kada a gan ta a waje bayan Isha'i ba. Haihuwa ba ta duba agogo.

Kada kuma a ɗauka tashin nata jin daɗi ne. Kafin a ba ka mabuɗi a garin nan sai ka biya hayar shekara, da kuɗin ejan, da kuɗin takardar yarjejeniya, da na ajiya saboda ɓarna. Su uku suka haɗu don ɗaya ba za ta iya ba. Kwatas ɗin asibitoci ba ya isar ma'aikata, inda yake akwai kuma ba kullum ake kula da shi ba. Ba mu manta da matashiyar likitar nan da na'urar hawa bene ta faɗo da ita a gidan kwanan likitoci na Babban Asibitin Odan a Legas, a watan Agusta na 2023, ta rasu saura kwanaki ta kammala shekarar horonta. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta kai ba. Wannan laifi ba na gidan aminina ba ne, ba kuma namu ne za mu gyara shi a kan bencin mai shayi ba. Amma gwamnati ta matse su ta sama, bai kamata mu ma mu matse su ta ƙasa ba. Kuma ina da yaƙinin cewa cikin waɗanda suka tsallaka teku akwai waɗanda ba albashi kaɗai suka guda ba, har da ƙwanƙwasa ƙofa. Wanda aka hana shi matsawa layi biyar, wata rana sai ya matsa ƙasa biyar.

Ga ma'aikatanmu kuma ina da magana, kada su ce Malam ya tsaya musu ido rufe. Iyaka daban, wulaƙanci daban. Tsohuwar da ta zo da takarda ba ta san kin kwana a tsaye ba. Ki gaya mata da ladabi ta dawo bayan la'asar. Ku ware wa iyaye abu sananne duk wata, ko kaɗan ne, kada sai sun roƙa, don roƙon ɗa ciwo ne ga uba. Wanda ya yi muku wahala kamar yayan nan, ku zauna da shi ku buɗe masa takardar albashi ya gani da idonsa, ku tambaye shi me zai tsayar da shi da ƙafarsa, ku yi wannan abu ɗaya babba maimakon dubu biyu yau dubu uku gobe. Ku daina yin allura da ƙarin ruwa a ɗaki don kunya. Ba gwaji, ba takardar likita, in jiki ya ƙi maganin ba abin ceto a kusa. Ranar da aka samu matsala, waɗanda suka roƙe ku su ne za su fara cewa ita ta kashe shi, lasisi kuma ya tafi. Sirrin marar lafiya amana ne, ko uwa ce ta tambaya me ke damun wance. Kuma ku ajiye wani abu. Nas ɗin da ba ta da ko kuɗin wata ɗaya a gefe, ranar da ta kwanta ciwo gidan duka ya kwanta.

Mu kuma jama'ar unguwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lamunin asibiti bai kamata ya zama a wuyan yarinya mai albashi ɗaya ba. Muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na 'yan canji, na mahauta, na masu goro, muna da masallatai a kowane layi. In kowace ƙungiya ta buɗe asusun rashin lafiya ana zuba abu kaɗan duk Juma'a, da mutum biyu amintattu masu riƙe littafi, an ɗauke mata rabin kayan. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, jihar Oyo ma tana da hukumarta ta inshorar lafiya da ke karɓar masu sana'ar hannu. Mu je mu tambaya, mu yi rajista a ƙungiyance. In ana son auna hawan jini da sukari, a sa rana ɗaya a wata a harabar makaranta, ma'aikatanmu su yi karɓa-karɓa, unguwa ta sayi kayan awo ta ba su kuɗin mota. Wannan ita ce la'adar zamaninmu. Masu gidajen haya a cikinmu kuma, in akwai ɗaki mai shiru a can ƙurya, ku tuna da mai aikin dare kafin ku ba wanda ya fi tayi.

Da na koma wurin aminina, abin da na ce masa ke nan: "Alhaji, ba laifi take shirin yi ba. Laifin da nake ji mata tsoro shi ne wanda ta kusa yi da ƙarfe uku na dare. Ka je da kanka ka ga gidan, ka ga abokan zamanta, ka san mai gidan, ka sa mata albarka a gaban mutane. In kai ka raka ta da kayanta, ba mai bakin cewa guduwa ta yi."

Ya je. Ya ɗauki yayan nata suka tafi tare, shi ne ma ya ɗaura mata labule. Yanzu wata biyar ke nan. Duk ranar da ba ta da aiki a Sabo take kwana, ranar Juma'a kuma in ta samu dama tare suke cin tuwo. Ta yanka wa uwarta abin cefane na wata, ita da yayan sun shiga adashi da niyyar in ya ɗauka ya sayi Keke ya bar acaɓa. Ba zan ce komai ya daidaita ba. Uwar har yau in an yi zancen sai ta share ido da bakin mayafi, akwai kuma gidaje biyu da na san ana ta magana. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce tun da yarinyar ta tashi ba mai auna mata jini, kuma gaskiyarta ne, don asusun da ranar awon da nake faɗa har yanzu a baki suke, ba mu fara ba.

Shi ya sa na rubuta. In Allah ya kai mu taron unguwa na wata mai zuwa, zan tashi in kawo maganar asusun, ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyoyi da limamanmu su zo da shawararsu. Kafin nan, duk wanda ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar ma'aikacin asibiti da rana tsaka, ya tambayi yaran gidan tukuna: jiya a gida ta kwana ko a wurin aiki? In ciwon na gaggawa ne a tashe ta, ita ma ba za ta so a bar ta ba. In kuwa zai iya jira zuwa la'asar, a bar baiwar Allah ta yi barcinta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya yi wa masu jinyarsu albarka, ya sa mu fi ƙarfin bukatunmu. Amin.